Faris da ƙafa: abin da sabon zuwa zai sa a aljihu kafin ya fita ƙofa

Duk shekara abu ɗaya ake maimaitawa. Mutum ya sauka daga Yamai, ko Damagaram, ko Kano, 'yan'uwa su tarbe shi, su kai shi unguwar Château Rouge ya sayi busasshiyar kuɓewa da manja da kifi banda, daga nan kuma shi ke nan. Bayan wata shida sai ka tarar bai san komai a Faris ba sai ramin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ɗakin da yake kwana, da kasuwar titin Dejean. Ka tambaye shi ta ina kogi yake, ya tsaya yana raba ido. Jama'armu a nan ba su da na biyu wajen karɓar baƙo, a ci da shi, a sha da shi, a nema masa wurin sa haƙarƙari. Sai dai wannan gatan ne ke mai da wasu kifin rijiya.

Faris ba ta kai girman sunanta ba. Cikin birnin, wato abin da hanyar zobe ta Périphérique ta kewaye, bai wuce kilomita 10 zuwa 12 daga wannan gefe zuwa wancan ba. An raba shi gunduma 20, lambobinsu sun faro daga tsakiya wajen gidan tarihin Louvre suna naɗewa zuwa waje kamar gammo. Lambobi biyu na ƙarshen lambar gidan waya su ne gundumar, 75018 na nufin ta 18. In ka ga lamba ta fara da 92, ko 93, ko 94, to ka fita daga Faris ko da metro na zuwa wurin. Riƙe wannan, zai dawo. A kowace kusurwa akwai shuɗin allo mai sunan titi, da lambar gunduma a samansa. Titin da ya nufi kogin Sen kuwa, lambobin gidajensa raguwa suke yi in kana kusantar ruwa. Da wannan kaɗai, ko cajin waya ya ƙare, ba ka ɓata.

Fitar farko ka fara ta daga inda ka riga ka sani. Daga Château Rouge ka gangara Boulevard Barbès har gadar da layin metro na 2 ke bi ta sama, inda kasuwa ke ci Laraba da Asabar. Ka bi Boulevard de Magenta, ka wuce kusa da Gare du Nord, ka karya zuwa Boulevard de Strasbourg. A Château d'Eau samari za su yi ta kiranka zuwa shagon aski ko kitso, girgiza kai ya isa. Miƙe kawai, titin zai canza suna ya koma Sébastopol, ya sauke ka a Châtelet bakin kogi. Tafiyar kamar awa ɗaya ce ba gaggawa, kuma layi na 4 da kake shiga kullum a ƙarƙashin ƙafarka yake tafe. Ranar da ka taka ta, za ka gane cewa tashoshi da yawa da kake biya wa tikitin kusan yuro biyu da rabi, minti goma ne tsakaninsu. Ka kula da hanyar kekuna. Sabon zuwa motoci yake dubawa, alhali keke ne zai kwashe shi, don ba ya ƙara.

Haye gadar Pont au Change ka shiga tsibirin Cité. Ga majami'ar Notre-Dame da ta ƙone a 2019 aka sake buɗe ta a Disambar 2024, shiga kyauta ne. Daura da ita kuma ga babban ginin Préfecture de police, hedkwatar 'yan sanda mai kula da takardun zaman baƙi, kuma a nan ne dole mu tsaya, domin yawo a garin nan da takarda ake yin sa.

Doka ta ɗora wa baƙo ya iya nuna takardar zamansa in 'yan sanda sun tambaya. A wajen Gare du Nord, Barbès da Château Rouge, tambayar ba abin mamaki ba ce, baƙar fata kuma ya fi kowa sanin haka. Hoton takarda a waya ba takarda ba ne. Ka fita da katin zamanka na asali, ko fasfo mai biza tare da shaidar tabbatar da ita, ka bar kwafi a gida da kuma cikin imel. Wanda bai nuna komai ba ana iya riƙe shi har awa 24 ana bincike. In hakan ta faru, kana da haƙƙin tafinta, da lauya, da likita, da a sanar da danginka. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gane ba, kada kuma ka ɗaga murya.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne na bizar dogon zama, wadda suke kira VLS-TS. Mutum ya ga an buga masa shekara guda, ya ɗauka ya gama. Bai gama ba. Dole ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da saukarka, ka biya harajin da ke kanta, ka sauke shaidar ka ajiye. Wanda ya bari wata ukun suka wuce ya fita daga kan ƙa'ida yana zaune, ba tare da ya sani ba, sai ranar da ya je gida hutu ya zo dawowa. Sabuntawa kuma, ga yawancin takardu, ta shafin intanet na gwamnati, ANEF, ake yi, tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ta ƙare. Ba sati biyu ba, ba kuma ranar da "wani ya ce". Zuwa ƙofar préfecture da asuba ba tare da takardar gayyata ba ɓata barci ne kawai. Masu sayar da ranar ganawa a WhatsApp kuwa, abin da hukuma ke bayarwa kyauta suke sayar maka, wani lokacin ma iska suke sayarwa. In fayil ya maƙale, ƙungiyoyi irin su La Cimade da Gisti suna ba da shawara ba ko sisi.

Duk waɗannan a kan adireshi suke tsaye, kuma nan ne ciwon yake. Inda kake kwana a takarda shi ke yanke wace préfecture za ta riƙe fayil ɗinka: mazaunin 93 Bobigny, na 94 Créteil, na 92 Nanterre. Banki, inshorar lafiya, makaranta, kowa shaidar adireshi yake nema. In a wurin ɗan'uwa kake, abu uku za ka roƙa: wasiƙa mai sa hannunsa da kwanan wata cewa yana saukar da kai, wato attestation d'hébergement, da kwafin katin shaidarsa, da takardar wuta ko rasit ɗin haya na kwanan nan mai sunansa. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Sau da yawa mai masaukin ba rowa yake yi ba, shi ma a ƙarƙashin sunan wani yake zaune, kunya ta hana shi faɗa. Ka tambaye shi tun satin farko, cikin ladabi, "Yaya, sunan wa ke kan takardar gidan nan?" Amsar za ta cece ka daga jiran wata uku. Wanda ba shi da kowa yana iya neman domiciliation a ofishin jin daɗin jama'a na magajin gari ko wata ƙungiya da hukuma ta amince da ita, a ba shi adireshin karɓar wasiƙa. Sayen adireshi a hannun wani kuwa laifi ne a kanku ku biyu.

Sannan akwai ɗan ƙaramin abin da ya rusa fayil da yawa: akwatin wasiƙa. Mai raba wasiƙa suna yake dubawa, ba lambar ɗaki ba. In sunanka ba ya jikin akwatin, wasiƙar komawa take yi, kai kana sama kana jira. Yanki takarda, rubuta sunanka yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ka manna da salatif. In ka tashi daga gida, ka sanar da sabon adireshi cikin wata 3.

Ranar da ka tashi kama naka ɗakin, ƙafar nan ita ce jarinka. Ka je unguwar da rana, ka koma da dare, ka auna nisan tasha da ƙafarka, ba da bakin mai gida ba. Kada ka tura ko yuro ɗaya kafin ka shiga ɗakin da idonka kuma a sa hannu a yarjejeniya. Ɗaki mai kyau, mai araha, mai gidan "yana ƙasar waje" zai aiko da makulli, wannan tarko ne da ya tsufa amma har yau yana kamu. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata 1 a ɗakin da ba kaya, wata 2 a mai kaya. Ɗakin da bai kai murabba'in mita 9 ba, a ƙa'ida, bai isa a ba da shi haya ba. Masu gida sukan nemi albashin da ya ninka haya sau uku da mai tsaya maka, to in shekarunka tsakanin 18 da 30 ne ka nemi Visale, shirin da ke tsaya wa ɗan haya, tun kafin ka fara neman ɗaki, kyauta ce. Ranar shiga a yi état des lieux, a rubuta kowane tabo, kowace tsaga, ka ɗauki hoto, don da wannan takardar za a yi maka hisabi ranar fita. Ka nemi rasit duk wata, haƙƙinka ne. Mai karɓar kuɗi a hannu ba rasit ya bar ka ba shaidar adireshi, ka koma gidan jiya. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya, kuma ko bayan nan sai da hukuncin kotu. Mai gidan da ya canza maka makulli shi ne ya taka doka. Ofishin ADIL, mai bayani kan harkar gidaje, na ba da shawara kyauta a kan duk wannan.

To, takarda ta shiga aljihu, a ci gaba da tafiya. Daga Notre-Dame ka haye gefen kudu na kogin, ka bi bakin ruwa gabas zuwa Institut du monde arabe, ka hau rufinsa ka ga tsibiran daga sama. Kaɗan gaba sai Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, hasumiyarsa mita 33. Ranar Juma'a ka sammaka, domin tun 2011 aka hana salla a kan titi. 'Yan'uwa mata, hijabi a titi da gidan tarihi ba matsala, rufe fuska ne doka ta hana. Lambun Jardin des Plantes na manne da masallacin, shiga kyauta.

Gidajen tarihi ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, rana ce ake sani. Na birnin Faris, irin su Carnavalet da Petit Palais, kayansu na dindindin kyauta ne kullum, suna rufe Litinin. Carnavalet ya kamata ka fara gani, don labarin garin da kake takawa ne. Louvre Talata take rufewa. Orsay da quai Branly kyauta ne Lahadin farkon wata, amma ka kama gurbi ta intanet tukuna, in ba haka ba ka tsaya a layi a banza. Wanda bai kai shekara 26 ba kuma yana da takardar zama, gidajen tarihi na gwamnatin ƙasa kyauta ne gare shi, amfanin katin aljihu ke nan na biyu. A Louvre kada ka ce sai ka ga komai, zaɓi sashe ɗaya, awa biyu, ka fito.

Biyu sun fi shafarmu. Quai Branly, kusa da hasumiyar Eiffel, an buɗe shi a 2006, cike yake da kayan Afirka, har da gumakan yumɓu na Nok. Daga nan aka mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021. Na biyu shi ne gidan tarihin ƙaura a Porte Dorée, cikin ginin da aka yi don baje kolin mulkin mallaka na 1931. Kafin ka shiga, tsaya a waje ka dubi bangon gaba. An sassaƙa mutanen ƙasashen da aka mallaka tun daga ƙasa har sama, kowa a sunkuye yana aiki, dukiya na tafiya Faransa. Minti goma a gaban bangon nan ya fi dogon bayani.

Majami'ar Sacré-Cœur da ke kan tudun Montmartre kuwa minti goma ce daga Château Rouge ta matakala, amma akwai waɗanda suka shekara a ƙasanta ba su hau ba. A gindin tudun, kada ka miƙa hannu ga masu ɗaura zare a wuyan hannu, kada ka tsaya wa masu takardar sa hannu ko masu cacar kofi uku. Waya ta bar aljihun baya. Duk shagon da ka shiga, ko hanya za ka tambaya, "bonjour" tukuna, sallamarsu ke nan, kuma suna jin haushin wanda ya tsallake ta kamar yadda za mu ji.

Ruwa kada ka saya, korayen famfunan Wallace na sha ne, ka riƙe gora, sai dai yawancinsu ana rufe su in sanyi ya tsananta. Ban-ɗakunan kan titi masu launin toka kyauta ne, amma in wani ya fito ka jira ƙofa ta rufe ya wanke kansa, in ka yi wuf ka shiga da kai za a wanke. Ka sayi takalmi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, silifa da sandal ba sa jure duwatsun Montmartre. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, Azahar da La'asar da Magariba a matse suke, don haka ka fita da hantsi, ka tsara hanyarka ta bi ta kusa da masallaci.