Kurakuran da muke yi kan kuɗin asibiti idan mahaifi ya ji mummunan rauni

Shekaranjiya wata ƴar unguwarmu ta kira ni tana kuka, mota ta buge Babansu a kan babur, ƙashin cinya ya karye, kuma tun ba a sa ranar tiyata ba yayansu har ya fara neman dillalin fili. Na ce mata don Allah ku dakata tukuna. Mu ma mun bi ta nan lokacin da Babanmu ya yi hatsari, kuma abin da na gani da idona shi ne ba kuɗin aikin kaɗai ke durƙusar da gida ba, ruɗewar satin farko ce, kowa hankalinsa a tashe, kuɗi na fita ta ko'ina ba mai lissafi, ana ganin kamar sati ɗaya za a yi a gama alhali jinyar ƙashi wata da watanni ce.

Na fara da wanda ya fi ɓata min rai, wato a ɗauke mara lafiya a kai wajen mai ɗori don gudun kuɗi tun ba a yi hoto ba. Ban raina masu ɗori ba, amma karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito, ko ta cinya ko ƙugu ko ƙashin baya, ba tasu ba ce. Idan aka ɗaure da kara aka matse jini ya daina zagayawa, ƙafa sai ta kumbura ta yi baƙi, a ƙarshe a dawo asibitin da aka guda kuma yanzu maganar yanke ƙafa ake, kuɗin ya ninka. A yi hoto tukuna, likitan ƙashi ya gani. Asibitin ƙashi na Dala a Kano don wannan aka yi shi, ga Malam Aminu Kano, ga na Shika a Zariya.

Sai rashin mai riƙe kuɗi. Kawu ya ba wannan dubu ashirin, Anti ta tura wa wancan, ƴan dubiya sun sa a ƙarƙashin filo, bayan sati biyu a ce kuɗi sun ƙare kuma ba wanda ya san inda suka shiga, daga nan sai zargi tsakanin ƴan ɗakin uwargida da ƴan ɗakin amarya. Gyaran mai sauƙi ne: mutum ɗaya, asusu ɗaya, littafi ɗaya. Ku buɗe guruf na WhatsApp na ƴaƴa kawai, duk rasit a ɗauki hotonsa a tura, ko na safar hannu ne. Kuma ba dole babban yaya ne zai riƙe ba, wanda ya fi iya lissafi kuma yake kusa da asibiti shi ya dace, mu ƙanwarmu ce ta riƙe.

Wani abin kuma muna jin nauyin tambayar likita. Ka ce, likita don Allah aikin gaba ɗaya nawa zai kama, ƙarfen da za a sa nawa, jini leda nawa, kwana nawa a gado, akwai wani aikin a gaba na cire ƙarfe? A rubuta maka. Haka magani, ka tambaya ko akwai irinsa mai sauƙin kuɗi na wani kamfanin, sau da yawa akwai, ka dai duba lambar NAFDAC kuma ka saya a famasi na gaske, kuma kar ka sayi na wata guda lokaci ɗaya don ana iya canja shi jibi. Jini ma ku tara samarin dangi su bayar da wuri, ya fi a neme shi da tsakar dare. Sannan manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin walwala, wanda ake cewa soshiyal welfiya, aikinsu kenan duba marasa ƙarfi, wani lokacin a rage wani lokacin a haɗa ka da masu taimako, amma mu sai da muka yi sati uku kafin wata nas ta nuna mana ƙofar. Ku sani kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Yanzu maganar "mun yafe". Direba ya zo da dattawan unguwarsu, an yi addu'a, an ce ƙaddara ce, an sallame shi ba a ko karɓi lambar motar ba. Yafiya alheri ce wallahi, amma yafe wa mutum daban, barin haƙƙin Baba a hannun kamfanin inshora daban. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ake kira tad fati, tun Janairun 2023 ta ƙaramar mota naira 15,000 ce a shekara, kuma amfaninta kenan, biyan wanda aka ji wa rauni. Ku karɓi rahoton ƴan sanda, lambar mota, hoton takardar inshorar, da rahoton likita. In a wajen aiki ya ji raunin, ku tambaya ko ma'aikatarsu na biyan kuɗi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi wannan. In ma'aikacin gwamnati ne a duba katinsa na inshorar lafiya ta NHIA, wadda a da ake kira NHIS kafin 2022, ko na jiha kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, mutane da yawa ana cire musu a albashi duk wata ba su taɓa amfani da shi ba. Amma kar ɗa ya ɗauka katinsa ya haɗa da iyaye kai tsaye, na ma'aikacin tarayya shi ne da matarsa da ƴaƴa 4.

Sayar da gona ko gida a gaggauce shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Dillali na ganin idonka ya yi ja ya san rabin kuɗi zai taya. Kuma gonar nan ita ce za ta ciyar da gidan a watannin da Baba ba zai iya fita ba, sannan tasa ce, yana da rai, sai da izininsa. A fara da abin da za a iya mayarwa, rago, waya, ɗaukar adashe a roƙi uwar adashe ta matso da ita, rance wajen ɗan'uwa a rubuta da shaidu, in ta kama a ba da hayar gonar na damina ɗaya ko biyu. Manhajojin bashi na waya kuwa ku guje su, ga ruwa mai yawa ga kwanaki kaɗan, ka makara su bi lambobin wayarka suna tura saƙon cin mutunci.

Kunyar neman taimako ma tana cutar da mu. Ku je wa limamin masallacinku da takardar asibiti, ku je hukumar zakka, Kano da Sakkwato duk suna da ita, mai bashin jinya yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. In za a nema a Facebook a sa takardar likita da asusun nan guda ɗaya, amma don girman Allah kar a sa hoton Baba ba riga yana cikin jini, mutuncinsa na nan ko yana kwance, ku tambaye shi kafin ku sa komai.

Ranar sallama kuma kar a ce an gama a raba ragowar kuɗin. Ga wankin ciwo, ga kuɗin mota zuwa ganin likita, sanda ko keke, famfas na manya, abinci mai gina jiki, ga fisiyo, wato motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararre, wanda shi aka fi yankewa idan aljihu ya yi sanyi, alhali in aka bar shi gwiwa sai ta sandare, ƙarfen da aka sha wuya aka saya bai mayar da Baba kan ƙafarsa ba. Ku ce wa mai fisiyon ya koya wa mutum biyu a gida motsin da za a riƙa yi masa kullum, hakan na rage zirga-zirga. In kuma ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar duk awa 2, dare da rana, a yi karɓa-karɓa kar a bar wa Umma ita kaɗai, don gyambon kwanciya in ya kama bayan tsoho wata sabuwar jinya ce da kuɗinta daban.