Idan ka ga ɗan sanda ya harbi mutum da Taser a Ingila

Harbi ɗaya na Taser, bindigar da ke harba wutar lantarki a jikin mutum, daƙiƙa 5 ne, sai wutar ta yanke da kanta. Amma a 2016 a garin Telford, wani ɗan sanda ya danne kunamar har daƙiƙa 33 a jikin Dalian Atkinson, tsohon ɗan wasan Aston Villa, ya kuma haure shi a ka. Atkinson ya rasu. A 2021 kotu ta yanke wa ɗan sandan shekara 8, kuma bayanan da ke cikin na'urar ne suka nuna tsawon harbin. Shi ya sa kullum nake ce wa 'yan uwanmu da ke can, hujja ita ce jarinka.

Kada ka shiga tsakani, sai a kama ka da laifin hana aiki. Ja gefe ka ɗauki bidiyo. Doka ba ta hana ɗaukar 'yan sanda a bainar jama'a ba. Ka samu lambar da ke kafaɗar ɗan sandan, ka ƙirga sau nawa ka ji ƙarar Taser ɗin ta tas-tas-tas.

Sannan ka lura da halin da mutumin ke ciki. An riga an sa masa ankwa? Yana kan bene ko katanga? Tsoho ne, yaro ne, ko mace mai juna biyu? Akwai fetur a jikinsa? Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne: a 2013 a Plymouth, Andrew Pimlott ya kama da wuta bayan an harbe shi yana jiƙe da fetur, ya mutu. Kowane harbi sai ɗan sanda ya kawo dalilinsa daban. Taurin baki ba dalili ba ne.

Idan kai aka harba, kada ka fizge ƙugiyoyin Taser da suka maƙale a jikinka da kanka, musamman a fuska, wuya ko al'aura. Faɗi nan take in kana da ciwon zuciya ko asma. A caji ofis nemi ma'aikacin lafiya, nemi lauya, kyauta ne. Ɗauki hoton tabon kafin ya warke.

Ƙorafi kuwa, kai shi ga rundunar 'yan sandan ko ta hannun IOPC, hukumar da ke sa ido kan ƙorafe-ƙorafe a kan 'yan sanda, kada ya wuce wata 12. Amma kada ka yi jinkiri: rubuta wa rundunar a makon da abin ya faru su adana bidiyon kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan da bayanan na'urar, domin bidiyon da ba a ware a matsayin shaida ba akan goge shi bayan kamar wata guda.