Maganin ɓeraye a gareji da jirgin ruwan da aka ajiye

Jama'a, kafin ku sayi tarko ku fara toshe hanya. Ɓera na shiga ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, wato kaurin fensir. Ku duba ƙasan ƙofar gareji da inda bututu ko waya suka ratsa bango, ku cusa ragar jan ƙarfe sannan ku shafe da siminti. Tsumma da soso ɓata lokaci ne, da su ma yake shimfiɗa.

A jirgi, ku kwashe katifun kujeru, rigunan ceto, igiya da duk wani ɓurɓushin abinci. Ramin zubar da ruwa kada a toshe shi gaba ɗaya, a sa masa raga ruwa ya samu hanya. Soson ƙarfe na tsatsa ya ɓata jikin jirgi, kada ku toshe da shi. Bakin salansa kuma, in kun toshe, ku ɗaura jan ƙyalle a sitiyari don kada a manta a tada inji a haka.

Tarko a jikin bango ake ɗana shi, bakinsa na kallon bango, kowace mita 2 zuwa 3. Ƙullun gyaɗa da aka markaɗa, kamar ƙwayar wake, ya isa a sa wa tarkon. In ya yi yawa lashewa ɓeran zai yi ya wuce abinsa.

Guba kam ba na ba da shawara: ɓera ya ci ya je ya mutu ƙarƙashin daɓen jirgi, wari ya addabe ku.

Kashinsa kada a share a bushe. A sa safar hannu, a jiƙa da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, bayan minti 5 a goge.