Ga sababbin zuwa Kaduna: bayan an cire maka haƙori

'Yan uwa masu shigowa Kaduna daga Maraɗi da Damagaram, batun masauki bai dame ni ba, domin mutanenmu na Rigasa da Tudun Wada ba sa barin baƙo ya kwana a titi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kuke sakaci da bakinku bayan cire haƙori.

Kada araha ta kai ku wurin mai cire haƙori a bakin kasuwa. Ku nemi asibiti mai sashen haƙori, irin Barau Dikko.

Wahalar tana farawa ne bayan an koma gida. Jini ne ke daskarewa a ramin da haƙorin ya bari, ya rufe ƙashi da jijiya, kuma ta ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Don haka audugar da likita ya sa, a cije ta minti 30 zuwa 45. Awa 24 na farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu, ba sigari, ba goro, ba koko mai zafi. Na san za ku ce alwala fa? Kurkure baki sunna ce, ba farilla ba, alwalarka ta inganta ko ka bari. Sai washegari a fara kurkurewa da ruwan ɗumi da gishiri, shi ma a hankali.

Idan gudan jinin nan ya fita, bayan kwana 2 zuwa 4 da cire haƙorin ciwo zai taso ya bi kunne har gefen kai, baki ya riƙa wari. Na ɗanɗana wannan a farkon zuwana, zugin ya hana ni barci, kuma ba ƙwayar da ta taɓa shi sai da likita ya wanke ramin ya sa magani a ciki. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga yaro ya riƙe kumatu yana cusa kanumfari ko garin taba a ciwon, wani ma har ruwan batir, wai wani a tashar Kawo ya gaya masa.

Ciwon kai na ranar farko da ta biyu ba abin tsoro ba ne. Yawanci gajiyar muƙamuƙi ce da yunwa. Ka sha ruwa, ka sha kunu mai ɗumi, ka ɗora ƙanƙara a cikin tsumma a kumatu, ka kwanta da kai a sama. Babba zai iya shan farasitamol 500mg guda 2, kada ya wuce sau 4 a rana. Mai olsa ya nisanci ibuprofen, asfirin kuma yana ƙara zubar jini. Tramadol na kemis kuwa, don Allah ku rabu da shi.

Idan zazzaɓi ya shigo, ko kumburi yana ƙaruwa bayan kwana 3, ko jini ya ƙi tsayawa, ko haɗiya ta gagara, a koma asibiti a ranar. Wanda bai san hanya ba ya faɗa wa maigidansa, za a samu mai raka shi.