Karen da ka karɓo yana ɓata keji: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya karɓo babban kare daga hannun wani a nan Birnin Kebbi, ba ya rufa mako biyu sai ya same ni da magana ɗaya: "Malam, karen nan mugu ne. Ina fita zai fara kuka, in na dawo na tarar ya yi kashi da fitsari a keji, da gangan yake yi." Ba da gangan ba ne. Sau da yawa tsoro ne. An raba shi da gidan da ya sani da muryar da ya saba da ita, sannan kai da ya fara riƙewa ka kulle shi ka tafi. Bai san za ka dawo ba.

Kuskure na farko, wanda ni kaina na tafka, shi ne duka. Wani maƙwabcina a Gesse aka yi wa canjin wurin aiki, ya bar mini karyarsa mai shekara biyu. Na sa mai walda ya haɗa mini keji, na saka ta tun daren farko. Washegari na dawo daga aiki na tarar ta kwanta cikin kashinta. Raina ya ɓaci, don najasa ce, kuma kusa da inda yara ke wasa. Na ɗauko tsumagiya na zane ta. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da na shigo sai ta sunkuyar da kai, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ni kuma in ce ai ta san laifinta. Ba ta san komai ba! Kare ba ya haɗa dukan la'asar da kashin da ya yi da hantsi. Abin da ta koya kawai shi ne dawowata masifa ce. Ta shiga gaba kura baya sayaki: in na fita tsoro, in na dawo duka. Ranar da na gane na cuce ta, na tarar da jini a ƙarfen kejin, ta yi ta cizonsa har fiƙarta ɗaya ta karye. Haƙorin nan bai dawo ba, kuma sai da na shafe watanni kafin ta daina rawar jiki idan na ɗaga hannu.

Don haka masu tura hancin kare cikin kashinsa wai don ya yi hankali, ku ji tsoron Allah ku bari. Ihu ne bayan hari, kuma zalunci ne. Ka tarar ya ɓata wuri, ka fitar da shi ba tare da tsawa ba, ka wanke.

Na biyu shi ne ɗaukar keji a matsayin magani. Karen da ke firgita idan an bar shi, keji ƙara masa yake yi. Ni yanzu ba na rufe sabon kare a ranar farko. Ƙofa a buɗe take, a ciki nake ba shi abinci, in shimfiɗa masa tsohuwar rigata mai warin jikina. Sai ya fara shiga da kansa yana kwanciya nake turo ƙofar, minti ɗaya, in buɗe. Daga nan in fita zaure in dawo kafin ya fara kuka. Minti biyu, biyar, goma. In ya firgita, na yi gaggawa ke nan, sai in koma baya. Yakan ci makonni. A tsakanin nan kada a bar shi shi kaɗai wuni guda. Ka roƙi wani a gida ya zauna inda zai riƙa ganinsa. Wanda kejin ya ƙi karɓarsa sam, ka kewaye masa wani lungu mai inuwa a tsakar gida, ya fi.

Kuma ku lura, kare ya san alamun fitarka kafin ka fita. Ƙarar makulli, saka hula, tura babur. Nakan ɗauki makullin in zauna in sha shayi, in tayar da babur in kashe in dawo ciki, har abin ya daina tayar masa da hankali. Dogon sallama da shafa kai a bakin ƙofa ma ku rage.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Mutum ya ajiye kejin ƙarfe a rana, ko ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ya tafi kasuwa tun safe sai magariba. Ruwan ma a ɗan kwanon da kare zai kifar da ƙafa ɗaya. Sannan ya zo yana ƙorafin fitsari. Kai za ka iya riƙe fitsari awa 12? Babban kare kada ya wuce awa huɗu zuwa biyar a rufe da rana. Ɗan kwikwiyo kuwa, ƙiyasin da ake yi shi ne kamar awa ɗaya a kan kowane wata na shekarunsa, wato mai wata 3 awa uku ne iyakarsa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi, kuma zafi na kashe shi cikin ɗan lokaci. Wasu har hana shi ruwa suke yi don kada ya yi fitsari. Mun dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Ba kowane kashi a keji ne na tsoro ba. Ka jingina waya ta ɗauki bidiyo ka fita. Mai firgita, yawanci cikin rabin awar farko za ka ga haki, dalalar miyau, kuka da tonon ƙofa. Wanda ya yi barcinsa sai can ya tashi ya yi fitsari, daɗewa ce ta yi masa yawa. In kuwa zawo ne, ko fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka kai shi wurin likitan dabbobi, wataƙila tsutsar ciki ce ko ciwon mafitsara. Kana can a yi masa allurar rigakafin haukan kare, kada ka dogara da "an yi masa" na tsohon mai shi sai ka ga kati.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sauya masa abinci lokaci guda, yana kawo zawo. Ka fita da shi ya zaga, ya yi kashi kafin ka rufe. Keji ya zama daidai tsayuwa, juyawa da miƙewa. In kejin ya cika girma, gefe ɗaya karen zai mayar masai. Ka wanke da omo da ruwa mai yawa ka shanya, don warin da ya rage shi ke kiransa ya sake. Izal kuma mai ƙarfi ne, yana ƙona tafin ƙafa idan ba a ɗauraye ba.

Maganin barci na mutane da wasu ke murƙushewa a tuwo, kada ka kuskura. Akwai magungunan rage fargaba da ake ba karnuka, amma likitan dabbobi ne ke rubutawa bayan ya auna nauyinsa, kuma tare da horon nan na minti-minti ake haɗa su.