Tantin farauta a lokacin sanyi: a kula da murhu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu shirin bin mafarauta zuwa duwatsun jihohin Montana ko Colorado na ƙasar Amurka a watan Oktoba da Nuwamba, ku nemi tanti mai bango a tsaye, na zanen auduga mai kauri. Na leda yana tara gumi, da asuba ruwa ya riƙa ɗiga muku. Mai faɗin ƙafa 12, tsawo ƙafa 14, ya ishi mutum uku da murhun ɗumama tanti.

Murhun ne abin da ya fi damuna. Bututun hayaƙi ya fita ta kafar da aka kewaye da zanen da ba ya cin wuta, ya zarce saman tanti, a sa masa raga saboda tartsatsi. Don Allah kada ku toshe ko'ina don gudun sanyi, kuma kada a shigo da gawayi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Ku shimfiɗa tamfol bisa rufin domin dusar ƙanƙara ta zame, in ta taru a kakkaɓe ta da dare. Ƙofa ta juya wa iska baya. In kun dawo gida, a shanya tantin ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba funfuna za ta ci shi.