Darasi na 7: In tsohuwar taraktar fetur ta fara tari da harbi

Toh jama'a darasin yau na masu tsohuwar tarakta ne mai shan fetur, irin su Ferguson TE20 ɗin nan mai ruwan toka da aka ƙera a Ingila tsakanin 1946 da 1956, da Ford 8N ta Amurka ta 1947 zuwa 1952, da wasu daga cikin Massey Ferguson 35 da 135 da suka fito da injin fetur. Galibin taraktocin da suke mana haro a Gombe masu gas ne, har da Steyr ɗin da ake harhaɗawa a Bauchi a da, su kam ba fulogi ba kafireta (wato abin da ke haɗa fetur da iska), ciwonsu daban ne. Amma kar mai injin ban ruwa a Dadin Kowa ko mai ƙaramar tantan ta hannu ya ce ba ruwansa, rabin abin da za mu faɗa ya shafe shi tunda shi ma fetur ne da iska da wuta.

Injin yana aiki ne da bugu huɗu. Fistin ya sauka ya shaƙi fetur da iska ta bawul ɗin shiga, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su kama su tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta bawul ɗin fita. Wutar nan dole ta kama a cikin silinda lokacin da bawul biyu suke rufe ruf. Duk ƙarar fas ko fam da ka ji, wuta ce ta kama a inda bai kamata ba ko a lokacin da bai kamata ba. Saboda haka kafin ka ɗau sifana ko sukudireba, tsaya ka saurara tukun, ta ina ƙarar take fitowa, ta kafireta ko ta salansa? Mutane da yawa nan suke faɗuwa, da sun ji misin, wato inji na tsallake bugu, sai su hau murɗa sukurun kafireta, su canza fulogi, su taɓa taimin, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta, duk a zama ɗaya, ƙarshe ciwo ɗaya ya koma uku kuma ba wanda ya san wanne ne na asali.

In ta kafireta take tari, wani sa'in har da tofo ɗan harshen wuta, musamman in ka ba ta totur ko garma ta nutse a ƙasa, yawanci fetur ne ya yi kaɗan iska ta yi yawa. Irin wannan haɗin a hankali yake ci, sai bawul ɗin shiga ya sake buɗewa alhali wuta ba ta gama mutuwa ba, ta bi ta baya ta kama sabon fetur ɗin da ke tahowa. Gwajin ba ya cin ko sisi. Tana cikin tarin ka ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, kaɗan, kamar rabi. In muryarta ta daidaita toh yunwar fetur take ji, bar maganar wuta ka bi hanyar mai tun daga tanki.

Fara da murfin tanki, akwai ɗan ƙaramin rami a jikinsa na shan iska, in ƙura ta toshe shi tarakta za ta yi aiki lafiya na ɗan lokaci sannan ta fara shaƙewa, kana kwance murfin ka ji fuuu ta dawo daidai. Daga nan sai ɗan kofin gilashin nan da ke ƙarƙashin tanki. Ɗaga shi a rana ka duba da kyau, ruwa ya fi fetur nauyi don haka za ka ga ya kwanta a ƙasa da layinsa a fili, tare da jan garin tsatsa. Mu da muke sayen mai a jarka wajen 'yan bumburutu in an shiga ƙauye, wallahi wannan kofin shi ya kamata a fara dubawa kullum da safe, balle da damina. Zubar, wanke, ka wanke 'yar ragar da ke samansa. Sai ka kwance ƙusar da ke gindin kafireta ka tara gwangwani, fetur ya rinƙa zuba a miƙe ba yankewa, in ɗiga yake ko ya zubo ya tsaya, akwai toshewa a bututu ko a allurar kafireta. Jet ɗin ciki, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, a hura shi da iska, kar a zura masa waya ramin zai buɗe ya lalace. Injin a kashe ake duk wannan wanke-wanke da kwance-kwancen, ba taba sigari a kusa, kuma don Allah kar ka leƙa bakin kafireta ana tayar da inji, gira da gemu suna tafiya a haka.

In fetur na zuwa sosai amma har yanzu cok na gyara ta, iska ce take satar shiga ta gaskit ɗin manifol, wato abin da ke like haɗin bututun da ke kai fetur da iska daga kafireta zuwa silinda. Ɗiga baƙin mai a bakin haɗin tana kan silo, wato a kunne ba a ba ta totur ba, in ka ga ya tsotse shi muryar ta canza, ga ɓarawon nan.

Harbi ta salansa kuma, mai ƙarfi kamar bindigar toka, labarinsa daban. Wata silinda ce ta shaƙi fetur bai kama ba, ta tura shi ɗanye cikin salansa mai zafi ya je can ya fashe. Aikinka ka gano wacce ce. Sa giya a firi, ja birki, bar ta a silo, ka ɗau filaya mai roba a hannu ka rinƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa, ka kula da fanka da hannun rigarka. Wadda ka zare inji ya ƙara rawa kamar zai mutu, wannan silindar lafiya lau take. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciyar. Kashe inji ka kwance fuloginta ka kalli bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe shi ne lafiya. Baƙi mai gari irin kunkunniya fetur ya yi yawa, kuma da hunturu sau da yawa matatar iska ce ta cika da ƙura, tsofaffin nan tasu mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa, za ka tarar man ya zama taɓo. Baƙi mai maiƙo ringin fistin ne suka gaji. Fari fat kuma fetur ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. In jiƙe yake sharkaf da fetur wuta ce ba ta zuwa. Tazarar bakin fulogi wajen milimita 0.6 ce a yawancinsu. Yanzu musanya shi da na silindar da ke kusa, in ciwon ya bi fulogin toh sayi sabo an gama, in ya tsaya a inda yake sai a tuhumi waya ko murfin distiributa (mai raba wa fulogi wuta) ko bawul.

Murfin distiributa a buɗe shi a goge da tsumma busasshe, da damina raɓa kaɗai ta isa ta sa misin da sassafe. Nemi tsaga ko wani siririn layi baƙi tsakanin ƙarafan ciki, ta nan wuta ke tsallakawa zuwa silindar da ba tata ba. Da daddare ma in ka tayar da ita a duhu za ka ga tsofaffin wayoyi suna walƙiya shuɗi-shuɗi a jikin ƙarfe. Kuma in an taɓa cire wayoyin gaba ɗaya, a tabbata an mayar da su a jere, Ferguson TE20 jerin wutarta 1-3-4-2 ne, Ford 8N kuma 1-2-4-3, lamba 1 ita ce ta kusa da lagireto. Waya biyu kawai in suka sauya wuri za ta yi harbi gaba da baya har ka rantse injin ya tashi aiki.

In kuwa misin ɗin yawo yake ba ya tsayawa a silinda ɗaya, koma kan kwayil mai ƙara wa wuta ƙarfi, da kwantak mai yanke wutar kwayil yana haɗawa a cikin distiributa, da kwandansa da ke haɗe da kwantak ɗin. Riƙe babbar wayar kwayil da filayar nan kusa da jikin inji kamar milimita 6 wani ya ba da sitata, wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙara tas-tas, ja ko rawaya mai laushi ba ta isa ba. Kwantak in ya ƙone ko ya yi gurbi a goge shi a daidaita tazararsa yadda littafin taraktar ya ce, da yawansu wajen milimita 0.4 ne, kuma a sani canza tazarar kwantak yana motsa taimin, don haka shi ake fara gyarawa kafin a juya distiributa. Wadda take lafiya da safe sai ta yi zafi ta fara harbi ta mutu, a bar ta ta huce ta sake tashi, wannan halin kwayil ne ko kwandansa, taɓa kwayil ɗin za ka ji ba ya riƙuwa.

Bawul na bari ƙarshe saboda shi ne mai cin kuɗi. Riƙe takarda a bakin salansa tana kan silo, ya kamata ta rinƙa turo ta waje kawai, in tana tsotso ta lokaci-lokaci bawul ɗin fita ya ƙone ko ba ya rufewa. Cire fulogin silindar, toshe ramin da babban yatsa a juya inji bayan an zare wayar kwayil, mai lafiya sai ta ture yatsanka da ƙarfi. Taraktar da ta kwana rani guda a ajiye bawul ɗinta kan maƙale da tsatsa, wani sa'in kuma tazarar bawul ce kawai ta matse, a daidaita ta shi kenan. In an daidaita har yanzu ba matsi, nan ne za a kira bakanike a sauke top, wato kan inji, ka gaya masa lambar silindar da duk gwajin da ka yi don kar ya sake farowa daga fulogi da kuɗinka.

Aikin da za ku zo da shi mako mai zuwa, kowa ya kwance fulogi ɗaya na tarakta ko injin ban ruwa ko janareta, ya rubuta launin bakinsa a littafinsa da abin da yake ganin ya jawo, ya taho da fulogin aji a naɗe a takarda.